Goron Shehu da Ɗebewar Ramlatou

Kwanaki ke nan Zouéra ta unguwar Albarika a Parakou tana ɗauke da damuwa, kuma asalinta karamar Shehinmu ce na Djougou, waliyyin Allah, kogin ilimi, wanda bakinsa bai taɓa bushewa da zikiri ba, Allah Ya haskaka kabarinsa.

'Yarta Ramlatou lissafi ya gagare ta, ba ta sanin wanne ya fi tsakanin tara da shida. Mushen lakwal, wato malamin makarantar bokonsu, ya ce za ta maimaita aji, babanta kuma ya rantse in ta maimaita zai cire ta. Da hutu Zouéra ta kai ta Djougou, tana zaton rubutu za a ba ta ta sha.

Shehu, Allah Ya ƙara masa yarda, bai taɓa alƙalami ba. Ya sa aka kwance huhun goro, ya shafa kan yarinyar, ya ce: "'Yata, ware mini fari da ja, ki gaya mini wanne ya fi yawa."

Wallahi kafin hantsi yarinyar da ke kuka in ta ga lamba tana ware goro, tana tarawa, tana dariya.

Da ma Zouéra ta yi godiya ta tashi! Amma zuciyar uwa ba ta ƙoshi. Ta durƙusa ta ce: "Allah gafarta Malam, saura ɗebewa."

Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce: "Ita ma za ta zo mata, amma ba da goro ba."

Hutu bai ƙare ba ya koma ga Ubangijinsa. Da suka je ta'aziyya, Ramlatou ta dubi takalman almajiransa a bakin zaure, ta ja zanen uwarta, ta ce: "Inna, an ɗebe na Malam."

Tun ranar ba ta ƙara kuskuren ɗebewa ba. Sai dai yanzu in an ba ta ɗebewa a lakwal, ta san amsa sarai, amma ta ajiye alli ta ƙi rubutawa, wai abin da aka ɗebe ba ya dawowa. Jarrabawa ta matso, rantsuwar babanta tana nan.

Allah Ya ba mu albarkar wannan bawa Nasa. Ku kuwa masu karatu, Zouéra na tambaya: ta matsa wa yarinyar ta rubuta, ko ta bar ta ta gama makokinta?