Ɗan Karcen da ke Gaban Bakwai

An yi wani Ƙadangare mai jan kai, wanda bai taɓa yarda ya zo na biyu a komai ba. Yana da maƙwabta biyu: Hawainiya, wadda ba ta ajiye ƙafa sai ta yi shawara da zuciyarta, da wani tsohon Jemage da ya shafe rayuwarsa a rataye, kai ƙasa ƙafa sama.

Wata bazara ruwa ya ƙafe ko'ina. Ƙishirwa ta kora su har wani kufai, garin da mutanensa suka watse ba wanda ya san dalili. Rana na tsaka suka isa. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye, ko ƙuda babu. A tsakiyar kangayen akwai wata rijiya, an gitta mata itace a sama, igiya ta sauka cikin duhu.

Ba su kai ga yin sallama ba suka ji an ce, "Sannunku da zuwa. Na daɗe ina jiran ku."

Muryar daga can ƙasa ta fito, a sanyaye, kamar mai magana cikin tulu. Hawainiya ta koma fara fat don tsoro.

Sai igiyar ta fara hawa, ba hannun da ke jan ta. Guga ya iso bakin rijiya. Ba ruwa a ciki, sai sakaina huɗu, kowace da lamba a jikinta: ¼, da −½, da −¾, da −7.

Muryar ta ce, "Ruwa akwai. Bakina sifili ne, awon zurfina gaba ce, wato tsawon hannu biyu a miƙe. Kowa ya ɗauki sakaina ɗaya, ya je ya tsaya inda lambarsa take, guga zai kai masa ruwa. Amma lamba mafi ƙanƙanta tawa ce. Wanda ya ɗauke ta, ya zo mu zauna tare."



Jemage ya ce, "Yara, mu uku ne, sakaina huɗu. In muka jera su a nitse, muka bar mata tata, kowa zai sha ya koma gida."

Ina! Kafin ya rufe baki Ƙadangare ya yi wuf ya danne mai bakwai da ƙirji.

"Babba sai babba!" in ji shi. "Ku je ku yi ta fama da gutsattsarinku, rabi da kwata, kamar masu rabon ƙuli-ƙuli."

Jemage ya ce, "Ɗana, ka duba ɗan zanen da ke gaban bakwai ɗin nan kuwa?"

"Karce ne! Ka taɓa ganin tsohuwar sakaina ba karce?"

"Karce a sakaina uku, duk a wuri ɗaya? Wannan alama ce, tana nufin ƙasa da sifili. Saman bakin rijiya, lamba na girma tana hawa. Ƙasansa kuwa komai a juye yake. Ni da nake kallon duniya a juye, na fi kowa sani. Duk yadda lamba mai wannan alama ta cika ido, haka take nutsewa, haka take ƙanƙancewa."

Ƙadangare ya bushe da dariya. "Jinin da ya taru maka a ka ne ke magana, tsoho. Bakwai ta fi kwata ƙanƙanta? A garin wa? So kake in saki ka ɗauka!"

Hawainiya dai tana gefe, ido ɗaya a kan −½, ɗayan a kan −¾. Ta miƙa hannu wajen ta biyun, ta janye, ta sake miƙawa.

"Baba Jemage, uku bisa huɗu ai ta fi rabi, ko?"

"A sama ta fi. Amma faɗa mini, 'yata, wanda ya sauka rabin gaba da wanda ya sauka uku bisa huɗun gaba, wa ya fi kusa da haske?"

Ƙadangare ya yi tsaki, ita kuwa ta ce, "Mai rabi."

"To ita ce babba a tsakaninsu."

Ta ɗauki −½. Jemage ya ɗauki ¼, ya ce, "Ga jerinsu daga babba: kwata, sai sifili, sai rabi na ƙasa, sai uku bisa huɗu na ƙasa, sai bakwai can a ƙarshe. Ƙadangare, ga −¾ nan ba mai ita. Don Allah ka ajiye wannan ka ɗauke ta. Ba na so in koma gida ba kai."

Wallahi ko dutse ne ya ji wannan roƙo ya yi laushi. Amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

"Kai ne ba za ka koma ba," in ji Ƙadangare. "Kai ka ɗauki 'yar mitsitsiyar. Me zan faɗa wa iyalinka?"

Jemage ya tashi ya rataye a itacen da aka gitta, kwatan gaba sama da baki. Hawainiya ta sauka rabin gaba, ta maƙale a wani gurbi, hasken rana na taɓa bayanta.

Ƙadangare ya ɗaga kai yana neman wurinsa a sama. Ba komai sai sarari. Sai ya ga lambarsa tana ƙyalli a jikin bango, can ƙasa. Ya so ya yar da sakainar, ta manne masa a ƙirji. Ya so ya juya, ƙafafunsa suka ci gaba da sauka ba da izininsa ba.

Ya wuce Hawainiya. Ya wuce gurbin −¾, wanda yake nan fanko, kusa da haske. Bango ya yi sanyi, ya yi santsi. Bakin rijiya ya koma kamar ƙwayar gero.

"Baba Jemage!" ya ƙwala kira. "Na yarda! Ba karce ba ne!"

Muryar ta amsa, yanzu dab da kunnensa: "Ka iso? Zauna."

Guga ya kai wa Hawainiya ruwa, ya kai wa Jemage. Suka sha da hawaye, domin duk halinsa maƙwabcinsu ne. Sun yi ta kiran sunansa har muryarsu ta dishe, rijiyar ko amsa kuwwa ba ta yi musu ba.

Shi ya sa har yau in ka ga ƙadangare a kan katanga, za ka ga yana ɗaga kai yana sunkuyarwa. Tambaya yake yi kafin ya taɓa komai: wannan na sama ne, ko na ƙasa?

Darasin wannan labari shi ne, kada girman lamba ya rufe maka ido ka ƙi duba alamar da ke gabanta. Duk lambar da ke saman sifili ta fi duk wadda ke ƙasansa, ko da kwata ce. A ƙasan sifili kuwa, wadda ta fi kusa da shi ita ce babba. Kuma in wanda ya riga ka sani ya ce ka sake dubawa, ka duba tun kana bakin rijiya.