Akun Da Kaka Lami Ta Bari

Akwai wata ɗaliba mai suna Huda, haifaffiyar unguwar Bromakoté. Kakarta Lami ce ta raine ta, kuma da tsohuwar ta rasu ba ta bar mata komai ba sai wani aku mai jar wutsiya. Akun nan ya kwashe muryar Kaka tsaf. Da ya ga Huda sai ya ce, "Huda, kin ci abinci?"

Da ta samu ɗaki a gidan kwanan ɗaliban jami'a a Adjamé, sai ta shigo da kejin a lulluɓe da zane, alhali ga doka manne a bakin ƙofa: ba kare, ba kyanwa, ba tsuntsu.

A gidan akwai wani tsoho mai shara, Baba Ɗan Azumi. Kullum sai ya gaishe ta da Hausa, ita kuwa ta cilla masa "ça va" da Faransanci ta wuce, wai kada ƙawaye su ji tana Hausa. Ƙawayen da ko ɗakinta ba sa leƙowa. Ni dai wannan hali yana ba ni haushi, amma yarinyar tana ba ni tausayi, don in ta rufe ƙofa, aku ne kaɗai ke tambayar ko ta ci.

To, ana iya ɓoye kyanwa, amma wa ya taɓa ɓoye aku? Sati biyu ba a yi ba shugabar gidan ta kira ta.

"Akwai masu ciwon asma a layinku. Kwana uku na ba ki. Ko tsuntsu ya fita, ko ku fita tare."

Huda ta yi ta zagaye. Kawunta ya ce matarsa ba ta son hayaniya. Wani ɗan kasuwa ya so ya karɓa, sai dai gidansa Faransanci zalla ake yi, kuma ta san in aku ya daɗe yana magana ba mai amsawa, yakan bar maganar. Ke nan muryar Kaka za ta tafi har abada.

Rana ta uku tana zaune a matakala, keji a gabanta, tana hawaye. Baba Ɗan Azumi ya jingine tsintsiyarsa.

"'Yata, kawo shi. Ɗakina yana unguwar Treichville, bayan babban masallaci. Tun da mai ɗakina ta rasu, daga ni sai rediyo."

Kunya ta hana ta ɗaga kai. "Baba, ni da ko gaisuwarka ba na amsawa?"

"Ai yanzu kin amsa."

Ta miƙa masa kejin. Jarrabawa ta riƙe ta wata guda cur. Wata Juma'a ta hau bas zuwa Treichville, tana tunanin ko aku ya manta maganar Kaka. Tana yaye labule ta ji muryar Kaka:

"Huda, kin ci abinci?"

Ta durƙusa a bakin ƙofa. "Baba, yaya aka yi bai manta ba?"

"Duk sanda ya tambaya, ni nake amsa masa a madadinki. Sai in ce, na ci, Kaka." Tsohon ya turo mata kwanon shinkafa da wake, cokali biyu a ciki. "Yau kam sai ki amsa da bakinki."

Huda ta share ido, ta dubi kejin. "Yanzu zan ci, Kaka."

Darasi: Kada ka raina mai gaishe ka saboda tsintsiyar da ke hannunsa. Ranar da aka rufe maka ƙofa, wataƙila tasa ce kaɗai a buɗe. Ku tura wa wanda kuka san yana cin abinci shi kaɗai.