Karen Cindo

Tun Tsaunin Ranau yana kurmi, giwa na kiwo inda kasuwa take yau, wani maharbi ya sauka gindin dutsen da mutum arba'in. Shi ne Ranau, gagara-gudu, mai dafin da ba ya kwana. Bayan kurmin, tafiyar yini guda, akwai zangon wani maharbin, Cindo mai zaƙin baki.

Mahara sun addabi ƙasar, sai su biyun suka ƙulla ƙawance. A wancan zamani ba baki ke ƙulla shi ba, karnuka ake musaya. Wanda yaƙi ya taso wa sai ya saki karen ɗan'uwansa. Kare ya gudu gida, ubangidansa ya gani ya ɗauko baka.

Shekara uku baƙin karen Cindo yana cin hantar barewa a hannun Ranau. A kaka ta huɗu mahara suka kewaye dutsen, Ranau ya saki karen. An ce kafin inuwa ta gusa ya isa gida.

Cindo ya gan shi sarai. Ya dubi dawarsa da ta isa yanka, ya ɗaure kare a turke.

Kwana uku Ranau yana duban hanya, mutanensa na faɗuwa. Rana ta huɗu karen ya dawo shi kaɗai, ya faɗa cikin mahara, mashi ya kashe shi a ƙofar gari. Da mahara suka janye mutum tara suka rage, babu 'ya'yan Ranau a ciki.

Sai da dawa ta shiga rumbu Cindo ya zo ta'aziyya, har da hawayensa, marar kunya.

"Yaya Ranau, ai kare bai iso ba."

Ranau ya miƙa masa guntun igiyar da ya kwance daga wuyan karen, duk shaidar haƙori.

"Cindo, wa ke tufka irin wannan in ba kai ba?"

Ranau ya ƙara da cewa, "Na yi ƙawance da gidanku, kuma an cika mini. Mai cikawar yana ƙarƙashin wancan dutse."

Har gobe ciyawa ba ta fitowa a wurin. Mutanen Tsauni ba sa kiran kowa abokin ƙawance sai ya taɓa zuwa ranar wuya, kafin nan maƙwabci ne kawai. Duk jakadan da ya zo neman ƙawance kuwa, a kan kabarin karen ake zaunar da shi, a ɗora masa guntun igiya a cinya.