Mota Mai Kujera Ɗaya

Akwai wani mutum a wani gari, shi ne auta a ɗakinsu. Yana da mata da 'ya'ya uku, da tsohuwar uwa mai ciwon gwiwa. Allah ya buɗa masa, ya sayi wata jar mota irin ta gudu, wadda in ta wuce sai kaji su watse. Da fari motar ta zama albarka ga gidan. Kowace Lahadi matar da 'ya'yan sukan cika kujerar baya, uwar kuma ta zauna a gaba kusa da shi, gama majami'arsu tana can ƙetaren rafi, ƙafafun tsohuwar kuwa ba sa iya kai ta.

A bayan garin akwai wata miƙaƙƙiyar kwalta, daga gada zuwa gindin wata ɗorawa, inda masu irin waɗannan motoci suke gwada gudu ran Asabar da yamma. Mutumin nan ya je sau ɗaya don kallo. Ya koma na biyu don gwaji, aka tsere masa da daƙiƙa biyu. Daƙiƙa biyu fa, abin da bai isa mutum ya yi atishawa ya share hanci ba, amma ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Kashegari ya tafi wurin bakanike. Bakaniken ya buɗe inji ya duba, ya ce, "Maigida, injin nan ya kai iyakarsa. Mota kamar jaki take, in kana so ta yi sauri, rage mata kaya. Sai dai ka bar abin da doka ta ce: fitilu, madubi, oda, bel da lamba. In waɗannan suna nan, ba mai tsayar da kai a hanya."

Maganar ta zauna masa daram. Ya fara da safayar taya da jak, ya ce ai ba kullum ake faci ba. Ya ciro rediyo da lasifikoki, ya ɗaye kafet, ya kwance na'urar sanyi. Duk abin da ya cire sai ya ɗaga shi a hannu ya ji nauyinsa, ya yi murmushi.

A kasuwar hatsi ta garin akwai wani babban sikeli da ake auna manyan motoci a kansa. Wani tsoho ne ke kula da shi, yana zaune a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, ba a taɓa zuwa an tarar ba ya nan ba. Al'adarsa ita ce ya auna mota sau biyu: da fari ba kowa a ciki, sa'an nan direba ya shiga a sāke aunawa. Sai ya rubuta lambobin biyu da alli a bango. Ranar farko da mutumin ya kai motarsa, bambancin da ke tsakanin lambobin kilo tamanin da huɗu ne, nauyin mutumin ke nan.

Da ya gama da ƙananan abubuwa, sai ya juya ga kujerar baya. Matarsa ta fito ta tarar da ita jingine da bangon kicin, ta ce, "Baban yara, mu kuma a ina za mu zauna?" Ya ce, "Ƙafarku ƙalau take. Tafiya ma magani ce." Tun daga ranar ita da 'ya'yan suka riƙa fita da sassafe a ƙafa, suna tattare zane a bakin rafi.

Ya koma sikeli. Motar ta ragu sosai, ransa ya yi fari. Amma da ya shiga aka sāke aunawa, bambancin ya zama sittin da ɗaya. Ya shafa cikinsa, yana nan yadda yake, wandonsa bai yi masa yawa ba. Ya ce, "Baba, sikelin nan na manyan motoci ne, ba ya jin ƙaramin abu." Tsohon ya ce, "Abin da aka ɗora masa yake faɗa, ɗana." Ya rubuta lambar a bango.

Mutumin ya ci gaba. Ya ɓamɓare rufin ciki da murfin ƙofofi, ya sauya gilasan gefe da roba. Cikin motar ya zama ƙarfe tsirara, in ya yi tari sai tarin ya dawo masa kamar daga cikin rijiya. Masu duba motoci a hanya sukan tsayar da shi, su ga fitila tana kamawa, oda tana kuka, lamba tana nan, su ɗaga masa hannu ba tare da sun dubi fuskarsa ba. In ya gai da maƙwabta, sai sun waiga hagu da dama kafin su amsa. Wata rana matarsa ta raba abinci ta manta da kwanonsa, ba don fushi ba. Da ya yi magana sai ta zabura ta ce, "Ashe kana nan?" Abin ya ba shi tsoro, amma tsoron bai kai Asabar ba. A bangon tsohon kuwa bambancin ya sauka zuwa ashirin da bakwai.

Saura kujera ɗaya ban da tasa, wato ta uwarsa. Ran Asabar da hantsi ya tsaya yana kallonta, sifana a hannu. Ya san ta wace ce, ya san gobe Lahadi. Ya ce a ransa, "Noti huɗu ne kawai, da yamma zan mayar." Notin ɗaya ya ƙi kwancewa, ya sa aka yanke shi da wuta. Da yamma ya taka mota daga gada zuwa ɗorawa, ba wanda ya kamo ƙurarsa. Mutane suka kewaye motar suna shafa ta suna yabonta, shi kuwa ba wanda ya miƙa masa hannu.

Da safe uwar ta fito da sandarta, ta sha ɗaurin ɗankwalin zumuntar matan majami'a. Ta buɗe ƙofar gaba kamar yadda ta saba, ta ga ƙarfe da ramuka huɗu. Ta daɗe tana kallo, sa'an nan ta ce, "Auta, ina kujerata?" Ya ce, "Mama, gyara ake yi. Mako mai zuwa." Ta rufe ƙofar a hankali ta ce, "Ba kome. Ni dai ba na fashin sujada." Ta kama hanya tana dogara sanda. Kunya ta kama shi, amma maimakon ya bi ta, sai ya ce bari ya fara zuwa ya ga sabon nauyin motar.

Kasuwa ba kowa, rumfuna a rufe, amma tsohon yana bakin tagarsa. Ya auna motar ya rubuta. Mutumin ya shiga ya zauna, ya kama sitiyari, yana jira. Tsohon ya dubi sikelin, ya leƙo ta taga, ya ce, "Shiga mana, ɗana, ina jiranka." Mutumin ya ce, "Baba, ai na shiga." Tsohon ya ƙura wa kujerar direba ido, ya girgiza kai, ya rubuta lamba ta biyu daidai da ta farko.

Mutumin ya tuna da uwarsa. Ya fizgi mota ya nufi hanyar majami'a. Kafin rafi ya ga taro a bakin hanya: uwarsa ce a kwance, ta faɗi, numfashinta yana fita da ƙyar. Ya fito da gudu ya durƙusa, ya sa hannu zai ɗauke ta, ko kanta bai iya ɗagawa ba. Wata mata ta ce, "Ina ɗanta mai mota? Ga motar nan, shi ne ba a gani ba." Suka leƙa ciki suka ga ba inda za a kwantar da marar lafiya, sai ƙarfe mai zafi da kusoshi. Suka tsayar da wata tsohuwar a-kori-kura da ke ɗauke da buhunan masara, suka shimfiɗa uwar a kai. Asibiti tafiyar minti goma ce a jar motar nan. A-kori-kura ta yi kusan awa guda, shi kuma yana biye a baya a hankali, a cikin motar da ta fi kowace gudu a garin. Kafin su isa ƙofar asibiti tsohuwar ta cika.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Motar ita ce ranka, da ƙarfinka, da lokacin da Ubangiji ya ba ka. Kujerun su ne mutanen da ya ɗora maka: iyaye, mata ko miji, 'ya'ya, maƙwabcin da ba shi da kowa. Fitila da oda da lamba kuwa su ne abubuwan da ido ke gani. Kana da sunan baftisma, kana da rigar Lahadi, ba ka sata, ba ka maye, ba wanda zai tsayar da kai a hanya ya ce ka yi laifi. Mutumin nan ma bai karya dokar kowa ba.

Sikelin na Allah ne, kuma ba ya auna mutum shi kaɗai, yana auna shi ne tare da waɗanda ya ɗauka. Duk wanda ka sauke domin ka yi sauri, da wani yanki naka yake sauka. Na sha jin ana cewa, "Fasto, bari in tsaya da ƙafafuna tukuna, sa'an nan in waiwayi tsohuwa." Mai faɗin haka ba mugu ba ne, ya ɗauka noti huɗu ne kawai, da yamma zai mayar. Garin neman gira ake rasa ido.

Kowa a cikinmu ya san kujerar da ya kwance, ya kuma san sunan mai ita. In mai ita yana da rai, kada ka jira mako mai zuwa. Da an tashi sujada, ka je ka ɗauko shi.