Dajin Torkel da Yaƙin Wasu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam.

To, sunan ƙasar ya kuɓuce mini, har da na sarkinta. Abin da ya rage a kaina shi zan ba ku.

Can arewacin ƙasar Turawa, inda sanyi ke daskarar da teku, akwai wani dattijo wai shi Torkel, Sarkin Dawa. Kakansa ne ya dasa dajin. Itatuwa ne dogaye miƙaƙƙu, da su ake ginshiƙin jirgin ruwa, kowanne sai ya shekara tamanin kafin ya isa sara. In ana zaman lafiya, kaɗan ake sara. In kuwa sarki ya shiga yaƙi, dajin duka za a kwantar a yi jirage. Torkel ba ya son ya mutu a tsakiyar kututtura.

Sai mutanen Amurka, can hayin teku, suka ce sun gaji da mulkin Ingila. Yaƙi ya tashi. Faransa ta goya musu baya, don ta daɗe tana jin haushin Ingila.

A ƙasar su Torkel kuwa akwai al'ada: ba a yanke maganar yaƙi sai ƙanƙarar bakin teku ta narke, kuma Sarkin Dawa ne ke dubowa.

Sai jakadan Ingila ya zo, ya ce a taya su horon marasa kunya. Sarki ya dubi Torkel. Torkel ya tafi bayan wani dutse inda rana ba ta leƙawa, ya dawo ya ce da saura. Jakada ya fusata, amma kafin ya tafi ya sayi itace. Da ƙanƙarar bayan dutsen ta narke, 'yan majalisa duk sun watse lodin katako, ba wanda za a zauna da shi.

Da shekara ta zagayo sai jakadan Faransa ya zo. Ya tuna wa sarki duk wulaƙancin da Ingila ta taɓa yi wa kakanninsa, har sarki ya fara lalubar takobi. Torkel ya ce yanzu masu saye biyu gare su, in an zaɓi ɗaya, ɗayan zai koma nutsar musu da jirage. Ya je bayan dutse, ya dawo ya ce da saura. Shi ma jakadan ya sayi itace.

Sai na Amurka ya zo. Ya yi maganar 'yanci mai daɗi, har idon sarki ya kawo ruwa. Torkel ya matso kusa.

"Ranka ya daɗe, tsibiran nan naka biyu da ake noma maka rake, mutanensu fa suna da kunne, su ma za su nemi nasu 'yancin."

Sarki ya share ido, ya ce a je a duba ƙanƙara.

Ana nan, tsakiyar bazara, sai Ingila ta kama jirginsu guda mai kai katako Faransa. Ko bayan dutse babu ƙanƙara. Sarki ya ce a wasa gatura, gobe a shiga daji. Torkel ya roƙi kwana bakwai. Ya bi sarakunan maƙwabta masu sayar da igiya da kwalta, ya tarar kowa an kama masa nasa. Suka shirya: jiragen kaya su riƙa tafiya tare, tsofaffin jiragen yaƙin da ke hannu suna rakiya da igwa.

Jakadan Ingila ya dawo a guje, ya tambaya da wa suke yaƙi.

Torkel ya ce, "Ba kowa. Katako muke rakawa."

Ingila ta duba, abokan gabanta sun riga sun ishe ta, sai ta sakar musu hanya.

Yaƙi ya ƙare, Amurka ta ci gashin kanta, daji na nan tsaye. Sarki dai ya yi ta ƙorafi, wai kowace ƙasa ana yi wa jarumanta waƙa, shi ko baiti ɗaya bai samu ba.

Torkel ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda ake yi wa waƙar, yawancinsu ba sa ji."

Ƙurunƙus, a kan kusu ta ƙare. In manya na faɗa suka ce ka zaɓi ɗaya, fara duba abin da za a sare a gidanku.

Abu guda dai na tabbatar daga baya a littafin tarihi. A shekarar 1780 Rasha da Denmak da Suwidin sun ƙulla irin wannan ƙawance. Holanda ta yi nawa, kafin ta sa hannu Ingila ta auka mata.