Wurin da Sharifa Ba Ta Taɓa Ba

Akwai wata ma'aikaciyar gashin ƙashi a wani asibiti a garin Lafiya, sunanta Sharifa. A shekarar 2004 ta kama aiki, da farar rigarta mai shan guga da wani ƙaton littafin Turanci da ba ta rabuwa da shi. Aiki kam ta iya. Matsalarta ɗaya ce: duk maganar da ba daga littafin nan ta fito ba, ba ta shiga kunnenta.

Cikin masu zuwa wurinta akwai Baba Iorfa, manomin doya daga Assakio. Hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, ya kwantar da shi. Duk bayan sati biyu matarsa, Mama Wandoo, takan kawo shi a motar haya a motsa masa hannu da ƙafa. Burin tsohon nan bai wuce ya miƙe ya taka gonarsa kafin a fara haƙar doya ba.

Wata Talata da aka gama motsa masa jiki, Mama Wandoo ta juya shi, ta ɗaga rigarsa, ta nuna ƙasan bayansa, daidai inda ƙashin ƙugu yake danne katifa.

"Likita, duba nan. Wurin yana zafi, kuma ya yi tauri. Ban gane masa ba."

Sharifa ta leƙa daga inda take tsaye. Littafinta ya ce alamar farko ta gyambon kwanciya ita ce fata ta yi ja, kuma hotunan ciki duk na fararen fata ne. Shi kuwa Baba Iorfa baƙi ne wuluk. Ba ja, ba tsaga, sai ɗan duhu kaɗan.

"Ba komai, Mama. Da ciwo ne da ya yi ja."

"Ka sa hannu dai, ka ji," in ji tsohuwar da Hausarta ta kasuwa. "Doya ma haka yake yi. Ɓawo yana nan da kyau, ciki ya riga ya tafi. Sai ka danna kafin ka sani."

Sharifa ta yi dariya. "Haba Mama, mijinki mutum ne, ba doya ba."

Mutane suna jira a benci. Ta rubuta a kati cewa fata lafiya lau, ta kira na gaba.

Jama'a, ga abin da ya wuce ta. Fata hawa-hawa ce: akwai ta sama da muke gani, akwai ta tsakiya mai ƙananan jijiyoyin jini, sai kitse, sannan tsoka da ƙashi. Idan mutum ya daɗe kwance a gefe guda, jini yakan daina isa naman da ƙashi ya danne, ɓarnar ta iya farawa daga can ciki. A baƙar fata sau da yawa ja ba ya fitowa. Ɗumi ne da tauri suke tona asirin, su kuma hannu ne yake jin su. Baba Iorfa ba zai yi ƙorafi ba, domin wannan ɓarin nasa ba ya jin komai.

Mama Wandoo ta koma gida hankali kwance. Da ma takan tilasta masa kwanciya ta gefe, yana mita. Tunda likita ta ce ba komai, sai ta ƙyale shi ya kwanta rigingine yadda yake so.

Sati biyu suka wuce ba su zo ba. A na uku suka zo, kuma wari ne ya riga su shiga ɗakin.

Bakin ciwon bai fi murfin kwalba ba. Sharifa ta sa safar hannu, ta zura tsinken auduga don ta auna zurfinsa. Tsinken ya yi ta shiga, ya yi ta shiga, har ta ji ya taɓa ƙashi. Ramin ya ci gefe da gefe a ƙarƙashin fatar da take nan sumul. Jikin tsohon ya yi zafi rau. 

Aka ba shi gado. Sharifa ta riƙa zuwa da kanta tana juya shi duk bayan awa biyu, alhali ba aikinta ba ne. Amma cutar ta riga ta shiga jini. A kwana na tara ya rasu, sati uku kafin a fara haƙar doya.

Mama Wandoo ba ta yi mata ihu ba, ba ta kai ƙara ba. Ta naɗe tabarmarta ta ce, "Na gode, Likita. Ka yi ƙoƙari." Wallahi da zagi ta yi da ya fi wa Sharifa sauƙi.

Tun daga ranar, babu majinyacin da zai bar gabanta ba ta bi ƙugunsa da dugadugansa da bayan hannunta ba. Duk da haka abin bai sake ta ba. Wani lokaci tana tsaka da wanke hannu sai ta ji ɗumi a tafinta, ɗumin wurin da ba ta taɓa ba. Layin masu sayar da doya a kasuwa kuwa shekara shida tana kewaye shi.

A 2010, wata rana cunkoson kasuwa ya tura ta cikin layin. Sai ta ji an ce, "Likita!"

Mama Wandoo ce, ta rame, gashi ya yi fari, tana zaune bayan tarin doya. Ta zaɓo guda ta ɗora mata a hannu.

"Kyauta ne. Amma ka danna tukuna."

Sharifa ta ɗora babban yatsanta a kan ɓawon, hawaye suka zubo mata.

"Mama, ki yafe mini. Da na sa hannu ranar nan..."

"Na yafe maka tun tuni, 'yata," in ji tsohuwar, tana kallon tafin hannunta. "Kaina ne ban yafe wa ba. Hannuna ya gaya mini gaskiya, na bar shi na bi bakinka."

Darasi: Ilimi ba ya hana mutum sauraron wanda yake kwana yake tashi da majinyaci. Idan mai jinya ya ce maka "taɓa ka ji", ka taɓa. Kai kuma mai jinya, kada farar riga ta sa ka yi shiru a kan abin da hannunka ya ji. Ku tura wannan ga duk wanda yake da mara lafiya a kwance, ku ce ya juya shi yau, ya shafa bayansa.