Tana Ta Je Kallon Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha daɗi.

Tana ce dai, kullum tana cikin laka tana mafarkin ganin ƙarƙashin kogi. Gizo ya ji labari, ya ce, "Ƙanwata, ai abu ne mai sauƙi. Hau nan!" Ya maƙala ta a ƙugiya, ya jefa ta cikin ruwa, ya ɗaure zaren a ƙafarsa, ya kishingiɗa yana gyangyaɗi.

Tana ta yi ƙasa a hankali. Ga hasken rana yana lilo kore shar, ga ƙananan kifaye suna wucewa kamar 'yan rakiyar amarya. Har ta manta da zafin ƙugiya.

Sai ga tsohon Giwan Ruwa, leɓensa duk tabon ƙugiya. Ya ce, "'Yar nan, wa ya kawo ki?"

Ta ce, "Yaya Gizo ne, Baba. Har zare ya riƙe mini don kada in ɓata."

Giwan Ruwa ya ce, "Allah sarki! Mai kirki irin wannan, a bar shi a tudu bai ga komai ba?"

Ya zare ta daga ƙugiya, ya cafki zaren, ya fizga. Tsundum!

Gizo kam ya yi kallo har cikinsa ya cika da ruwa.

Ƙurunƙus kan tarwaɗa!